Dishi-dishin Idon Dama

Dutse, farkon damina

Zuwa ga aminina Talha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jos, yaya kwas? Matata Zulaihatu tana gaida mai ɗakinka.

Na ga hotunan tsaunukan da ka saka a zaurenmu na masu kyamara a waya. Sun yi kyau, duk da dai ka cika masu kala har ciyawa ta koma kamar an rina ta. Ka tambaya me ya sa na yi shiru a zauren. Zan gaya maka, amma ya tsaya tsakaninmu.

Tsohon lens ɗin nan, gilashin gaban kyamara da ka bar mini, wanda ake saita shi da hannu, ka san yadda nake ji da shi. To tun fitar da muka yi kan duwatsu da 'yan zaure, su Nata'ala da Ashafa, ban sake samun hoto mai kyau ba. In na leƙa 'yar tagar kyamara da idon dama, komai dishi-dishi nake gani. In murza gaba, in murza baya, a banza. Na je fadamar Miga ɗaukar shamuwa, na dawo da tsuntsaye kamar an shafa masu man gyaɗa. Da na saka biyu a zaure, Nata'ala ya rubuta wai lens ɗin ya isa ritaya, a mai da shi murfin tulu. Kowa ya yi dariya, ni ma na tura tawa.

Talha, ba lens ba ne. Na goge shi, na sa wani, duk ɗaya. Ka san mahaifina, Baffa, yadda hawan jinin ido ya makantar da shi. Da idon dama ya fara, kuma shekarunsa a lokacin su ne nawa yanzu. A ofis nakan rufe idon hagu in kalli kalanda, wani lokaci in ga garau, wani lokaci in ga kamar hazo, har na rasa wanne zan yarda da shi. Zulaihatu ta kama ni ina yi, na ce ƙura ce ta faɗa mini. Asibiti kuwa na kasa zuwa. Wallahi tsoro nake ji.

Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Bubayero


Dutse, bayan shuka

Zuwa ga Talha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarka ta iso, faɗan da ka yi mini ma ya iso. Zauna ka ji abin kunya da abin godiya a haɗe.

Ranar Asabar Ashafa ya zo har gida ya ja ni zuwa gonar dabino, wai ba za a yi fita babu ni ba. Na rataya kyamara don kada a yi tambaya. Muna isa Nata'ala ya karɓe ta, zai nuna wa jama'a lalacewar lens. Ka san shi da tabarau mai kaurin gindin kofi. Ya cire tabarau ɗin, ya leƙa. Can ya ce ai lens ɗin nan ras yake, har ƙayar dabino yana ƙirgawa. Na ce a raina shi ke nan, ta tabbata idona ne.

Sai Ashafa ya karɓa, shi da idonsa lafiya lau. Ya leƙa ya ce shi kam hayaƙi kawai yake gani. Suka hau musu kamar yadda suka saba, wannan ya ce garau, wancan ya ce dishi. Ana cikin haka Nata'ala ya dafe kai. Ashe ranar duwatsu da ya ari kyamarata, ya murza ɗan abin nan da ke gefen tagar leƙe, wanda bai fi ƙwayar wake ba, don ya daidaita ta da idonsa ba tare da tabarau ba. Ya murza shi har ƙarshe, ya miƙo mini abata bai mayar ba. Shekara nawa ina riƙe da kyamarar nan, ban taɓa kula da shi ba.

Ashafa ya mayar da shi, na leƙa. Talha, na ga tururuwa tana hawa kan dabino. Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba, su kuwa suna zaton tsokanar ce ta yi mini yawa. Nata'ala har yanzu bai san abin da ya jawo mini ba, ya dai sayi tsire ya ba da haƙuri.

Da na koma gida na gaya wa Zulaihatu komai. Ta yi fushi na ɓoye mata, kuma ita ta tasa ni gaba zuwa wurin likitan ido. An auna, an ce lafiya, amma saboda tarihin Baffa in riƙa zuwa a kai a kai. Zan riƙa zuwa.

Jiya na je Aujara da lens ɗinka. Na tarar da Baffa a gindin darbejiya, maruƙa na kewaye da shi, yana gane kowanne da taɓi. Na ɗauke shi hoto, ya fito har furfurar girarsa. Na ba shi labari, ya yi dariya sosai, sannan ya ce in ɗora yatsansa a kan abin. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi da naka ya zo da abin murzawa. Ni nawa na yi ta jira ya gyaru da kansa."

Hoton yana cikin wannan ambulan. Ban saka shi a zaure ba, kai kaɗai na wanke wa.

Ka gaida iyali. Lens kuma ba zan mayar maka ba.

Naka har kullum,
Bubayero