Rigar da Tela Ya Ɗinka wa Tabilet

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gajiyar aji, ya yaran nan naki masu surutu? Inna tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Kin ce tabilet ɗin da makarantarku ta ba ki yaudara ce, wai an rubuta babban batir a kwali, amma ya wuni a wuta bai cika ba. Mutane da yawa haka suke zato. Auta, babban batir randa ce, ba kofi ba. Tana daɗewa ba ta ƙare ba, tana kuma daɗewa ba ta cika ba, balle an sa mata siririn famfo.

Ina miki wannan bayani ne saboda abin da ya same mu yau. Kin tuna ɗalibata da muke kira Lauya saboda musu? Yau bayan azahar masu ba da tallafin karatu za su yi mata tambayoyi ta bidiyo. Sun ce duk wanda kiransa ya yanke, ba za a sake nemansa ba. In ta rasa wannan, karatunta ya tsaya.

Jiya na ba ta tabilet ɗina ta yi bita a gida. Da safe ya dawo da kashi sha tara. Babanta, tela, ya rantse tun magariba yake jone, kuma gaskiyarsa ce. Don kada ya faɗi ya fashe, sai ya zauna ya ɗinka masa riga mai auduga ninki uku, har da zif, ya bar 'yar kafar waya kawai. Ga shi da cajar ƙaramar wayarsa ya jona. Na zuge zif na taɓa, kamar dutsen guga. In tabilet ya yi zafi haka, rage shan caji yake yi don ya kare kansa.

Yanzu kuma an ɗauke wuta a unguwar duka. Na kwantar da shi a siminti yana hucewa, shi ya sa na sami zama. Tela yana tsaye bakin ofis, hula a hannu, ya ƙi karɓar kujera. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki.

Auta,

Ina sake gaishe ki. Na san kin ƙagu.

Da tabilet ɗin ya huce, ni da Lauya muka ruga shagon mai aski, shi ke da janareta. Ya zare abin askinsa ya ba mu wurin, na jona cajar asali. Wanda ake yi wa aski ya dubi rabin kansa a madubi ya ce, "'Yata, in kin zama lauyar, ƙarata za ki fara shigarwa." Ko murmushi ba ta yi ba. Muna haura kashi arba'in man janaretan ya ƙare.

A aji na rage hasken fuskar tabilet, na rufe duk abin da ke buɗe. Sai suka bar mu a layin jira, kamara a kunne, kin kuwa san bidiyo cin batir yake kamar gara. Lambar batirin tana ta sauka. Kafin a kira ta mun koma kashi sha biyu.

Ta amsa tambayoyin farko da kyau. Tela yana jikin taga, leɓensa na motsi. Alamar batirin ta yi ja daidai lokacin da suka tambaye ta me ya sa za su zaɓe ta. Na san halinta, sai ta yi huɗuba. Na nuna mata jan da yatsa.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, batirina zai mutu, bari in taƙaita. Babana tela ne, yanzu ni nake zura masa zare a allura. Aikin ido nake so in karanta."

Fuskar tabilet ɗin ta yi baƙi kafin su ce komai. Ba mu san ko sun ji ƙarshen ba. Tela ya leƙo ya ce a hankali, "Malam, ni na jawo mata ko?"

Yayanki.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan gajeriya ce.

Sun ji. Saƙo ya zo yau, sun ɗauke ta. Na kai labarin shago da kaina. Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya kifa goshi a kansa ya daɗe bai ɗago ba.

Jarrabawar yaranki ta kusa, kada ki jira ranar. Gobe ki cire wa tabilet ɗinki murfi, ki jona shi da cajarsa ta asali a wuri mai iska har ya cika. Sannan ki kunna bidiyo ki ga awa nawa zai kai ki. Ki rubuto min abin da kika gani.

Yayanki mai ƙaunarki.