Kibiyar da Kika Ƙara Mini

Zuwa ga Malamar lissafi, inuwata ta la'asar, ruwan randata a tsakiyar zafi, tauraruwar da ta fito mini bayan furfura ta gama cinye kaina,

Takardarki ta same ni a shago ina gyaran agogon wani. Ɗan sukuru ya faɗi daga hannuna, har yanzu ban gan shi ba. Ba gaisuwa, ba ya jiki. Da'ira biyu kawai kika zana: ni a ta hagu, kibiya biyu sun fita daga kaina, ɗaya ta sauka kanki, ɗaya kan matar nan mai kemis. A ƙasa kika rubuta wai wannan ba fankshan ba ne a ƙa'idar lissafi, don haka maganar aurenmu ta tsaya.

Haba Malama! Ni za a yi wa kibiya biyu? Ni da gwiwata ba ta kai ni bakin titi sai na huta sau biyu?

Ban manta karatun ba. Ranar da na kawo agogon bangonki, kina duba takardun ɗalibai a baranda, tabarau a ƙarshen hanci, kika koya mini: duk abin da ke hagu, kibiya ɗaya tak zai harba, in ya harba biyu ya fita daga fankshan. Amma kibau goma su taru wuri ɗaya, babu laifi. Ran nan dariya na yi. Yau na gane yadda tsohon hedimasta yake zama kan kujerata a barandarki duk Asabar, yana shan shayi a kofina, lissafinki bai ce uffan ba! Wane irin alƙali ne wannan, ya hana tsoho waiwaye, ya shimfiɗa wa abokin takararsa tabarma?

To ji labarin kibiya ta biyu. Sau uku na je kemis, wanda ya tsegunta miki bai yi ƙarya ba. Maganin idonki nake nema, wanda kika ce ya ɓace a gari, sai jiya aka kawo. Rafi yakan zagaya ta bayan dutse, amma ina zai zube in ba kogi ba?

Na lura da fensir kika zana, shi ya sa har yanzu ina numfashi. Ga takardarki na mayar, ga kwalbar maganin, ga abin goge fensir. Ki ɗiga biyu a kowane ido, ki sake duba takardar. In kin goge kibiya ta biyu, abin gogewar bai ƙare ba, akwai kibiyar hedimasta.

Naki mai kibiya ɗaya, har agogon ƙirjina ya tsaya,
Mai gyaran agogo