A Dawo Mana da Kaset ɗin Bitrus

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin shirya finafinan da ke saman bene a Kano, wanda ya yi shelar neman sababbin 'yan wasa damina uku da suka wuce.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Yaya aiki, yaya jama'a? Allah ya ƙara buɗi.

Sunana Ayuba Noma, daga Rikoto a garin Zuru. Ba ka san ni ba, ko da yake ka taɓa ba ni hannu sau ɗaya a ƙafar bene. Karatuna bai wuce aji shida ba, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri. Da damina ina gona, da rani ina facin taya a bakin tasha. Ban kama sunan kamfaninka ba, don ba tozarta ka na zo yi ba, kai dai za ka gane kanka. Sau uku na rubuto maka ta gidan waya ban ji amsa ba, shi ya sa na roƙi masu wannan mujalla su buga mini, tunda na ga yaran ofishinka suna karanta ta.

Bari in faɗi buƙatata tun yanzu, kada ka ɗauka aikin fim nake bi har yau. Kaset nake nema. Kaset ɗaya na bidiyo da na kawo ofishinka da hannuna, wanda babu wani irinsa a duniya.

Na ɗaya, abin da ke cikinsa.

Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarmu. Yayana Bitrus ne ya kafa ta tun kafin ya shiga soja. Ba mu da dandamali, ba mu da fitila. Bayan an gama girbin dawa mukan share filin firamare, mu kafa gora biyu, mu rataya zannuwan iyayenmu mata su zama labule. Wanda zai fito a tsoho a shafa masa toka a ka, a manna masa gemun auduga da ƙaro. Wanda zai fito a ɗan sanda ya ari tsohon takalmin sojan ubansa, don kusan kowane gida a nan akwai irin takalmin nan a ƙarƙashin gado. 'Yan coci da 'yan masallaci duk muna ciki, ba wanda ke tambaya. Mutane har daga Danko sukan zo a keke, su jingine kekunan a gindin mangwaro, yara su hau reshe.

Shekarar da Bitrus ya zo hutunsa na ƙarshe muka yi wasan golmo. Mu Lelna, da kuke kira Dakarkari, saurayi kan yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata, shi ake kira golmo. Ni na fito a saurayin, Bitrus ya fito a surukin, wani tsoho mai fitina da ke bin kunya ɗaya bayan ɗaya da kara yana aunawa, kullum sai ya samo wadda ta gajarta. Ana tsakiyar wasa ƙaron ya saki, gemun ya faɗo ƙasa a gaban jama'a. Ni na ce shi ke nan mun ji kunya. Bitrus ya sunkuya a hankali yana dafe da baya, ya ɗauki audugar ya ɗaga ta sama, ya ce, "Ku duba nan, jama'a. Noman yaron nan har gemuna ya zubar." Ranka ya daɗe, in ka kalli wurin za ka ga hoton yana rawa, don mai ɗaukar ma dariya ta ci ƙarfinsa.

Mai ɗaukar nan daga Kontagora ya zo wani biki, aka roƙe shi ya kwana ya ɗauke mu. Kaset ɗin na awa uku ne. Daga farko waƙar matan zumuntar coci ce, sai jawabin manya, sai kokawa, wasanmu shi ne na ƙarshe. Bayan an tashi kuma mai ɗaukar ya bi Bitrus har bakin randa. Ya wanke tokar kansa, ya goge fuska da riga, ya ɗago ya dubi kyamara da fuskarsa ta gaskiya yana dariya, ya kira Mama da yarenmu ya tambaye ta ko tuwo ya nuna. Daga nan kaset ya ƙare.

Bayan sati biyu ya koma bariki. Aka tura su aiki wata ƙasa. Akwatinsa aka dawo mana da shi.

Tun daga lokacin, duk shekara in an gama shigar da dawa rumbu, Malam Sani mai gidan kallon unguwarmu yakan buɗe mana da hantsi kafin masu kallon ƙwallo su zo. Ya tada janareto, ya kori yara daga bencin gaba, Mama da ƙawayenta su zauna. Ba ta yarda a tura shi gaba, sai an bi tun daga waƙar mata. In Bitrus ya fito sai ta fara yi masa magana kamar yana jinta, ta ce ya gyara ɗaurin wandonsa, ta ce ya daina wahalar da ƙaninsa. In aka zo wurin randa takan amsa masa cewa tuwo ya nuna, ya zo ya ci. Ba ta kuka. Sai ta tashi ta gode wa Malam Sani, mu koma gida.

Na biyu, yadda ya zo hannunku.

A gidan kallon nan na ga shelarku, a ƙarshen wani fim naku. Kun ce duk matashin da ke da sha'awa ya zo da hoton fasfo biyu, in kuma yana da kaset na wasan da ya taɓa yi ya haɗo da shi. Abokaina suka yi ta zuga ni, Malam Sani ma ya ce ai na fi wasu da yake nunawa. Ban taɓa tsayawa gaban wani darakta ba, ban san yadda ake neman irin aikin nan ba, ba ni da wanda zan tambaya. Na'urar bidiyon Malam Sani ɗaya ce tak, kwafa kuwa sai da biyu. Zan iya tsayawa a Kontagora a kwafa mini, ban tsaya ba. Wannan laifina ne, kuma zan gaya maka abin da ya sa.

A wurinmu in ka kai wa mutum abinci, abincin ne nasa, kwanon naka ne. Ba a tambaya, ba a tunatarwa. Kwano yakan dawo, sau da yawa ma da 'yar gyaɗa ko ƙwai biyu a ciki. Da wannan na tashi, da shi kuma na auna ku. Na ɗauka wasan za ku kalla, ku miƙo mini kaset ɗina. Ranar da zan tafi Mama ta naɗe shi da ɗankwalinta na zuwa coci, ta riƙe shi a hannu ta daɗe ba ta sake ba, ta tambaye ni ko za su dawo da shi. Na ce mata, "Manyan mutane ne, Mama."

Na biyo ta Kontagora da Tegina, na iso Kano da ƙyar na gane benen. Sakatarenka ya karɓi hotuna da kaset, ya warware ɗankwalin ya miƙo mini, ya jefa kaset ɗin cikin kwali inda wasu ke ciki. Na ce masa na gida ne, guda ɗaya ne. Ya ce ba komai, ana gama dubawa za a neme ni.

Aka yi mana gwaji a ranar. Aka sa waƙa aka ce in yi rawa ina bin bakin mawaƙin. Ban iya ba, rawar da na sani ta ƙafa ce da ake dukan ƙasa. Aka ba ni magana in faɗa wa budurwa, ina buɗe baki ɗakin ya ɗauki dariya, wani ya ce Hausata ta bariki ce, in an tashi neman maigadi za a tuna da ni. Ban ji haushi sosai ba. Gaskiya ne ba da Hausa aka yi mini waƙar reno ba, kuma wanda ya zo neman ba mutane dariya bai kamata ya yi fushi don an yi ta a kansa ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ba wanda ya ambaci wasan golmo. Na gane ba a kalla ba.

Na uku, abin da na gani da idona.

Girbi ya zagayo, Mama ta tambaya. Na ce suna kan dubawa. Ta ce to. Na sayar da ɗan akuyana na sake hawa mota. Kwana uku na yi a bencin da ke bakin ofishinka, kuma mai zaman benci yakan ga abubuwa. Na ga mai haɗa muku hoto yana zuwa wurin kwalin nan ya zari kaset. Kowane kaset yana da ɗan harshe a gefe, in an ɓalle shi ba a iya ɗora wani abu a kai. Namu Bitrus da kansa ya ɓalle shi da tsinken ashana. Sai na ga mutumin naku ya yanki salatef ya like ramin, ya mayar da zaren kaset ɗin zuwa farko, ya ɗora fim ɗin da za a kai wa 'yan kasuwa su gani. Ya yi haka sau huɗu ina kallo. Da na yi masa magana ya ce kaset ɗin masu neman aiki ai ba mai dawowa nemansu, ni ne na farko.

Rana ta uku ka sauko, Alhaji, na durƙusa na gaishe ka. Ka ba ni hannu, ka tambayi mutanen Zuru, ka ce kana da aboki soja ɗan can. Na fara bayani wayarka ta yi ƙara. Ka ce in dawo bayan salla, ka shiga mota. Ba na zargin ka da mugunta. Na san ba ka san me ke cikin kwalin ba.

Na dawo gida na ce wa Mama an ce bayan salla. Salla ta wuce, wata sallar ma ta wuce. Ta daina tambaya. Amma duk ranar da aka rufe rumbu takan yi wanka ta ɗaura ɗankwalin nan ta zauna a ƙofar ɗaki har azahar. Malam Sani ma in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Na huɗu, abin da ya sa na kasa ƙara jira.

Ni mutum ne mai iya jira. Ina cikin nawa golmon yanzu haka, damina biyar na yi a gonar surukina ban taɓa gunaguni ba. Amma wani direba da ke zuwa Kano ya gaya mini kun koma faifan sidi, an zuba tsofaffin kaset a buhuna an jibge a sito, ana shirin kwashe su. Sannan akwai Saratu, 'yar Bitrus, wadda tana ciki ya tafi. Lokacin da ake kai ta kallo ƙarama ce, barci kan ɗauke ta a cinyar kakarta kafin a zo ƙarshe. Yanzu shekararta bakwai. Kwanan baya na ji tana gaya wa 'yan ajinsu cewa babanta tsoho ne mai farin gemu da sanda. Ranka ya daɗe, Bitrus bai kai talatin ba. Hotonsa ɗaya muke da shi, na fasfo, hular soja ta rufe rabin fuskar, kuma ba ya dariya a ciki.

Ga roƙona.

Ka sa a buɗe buhunan nan kafin a kwashe. Baƙin kaset ne, an rubuta "Wasan Golmo, Rikoto" da shuɗin biro a jikin takardar. In an like wata takarda a kai, a duba kusurwar hagu, ta taɓa tsagewa na like ta da ɗankon faci da guntun roba. Ba za a samu biyu masu faci irin na taya ba.

In an same shi an riga an ɗora fim a kai, don Allah kada a ce ya lalace a yar. Na auna finafinanku a gidan Malam Sani da agogon hannunsa, ban ga wanda ya kai awa biyu ba. Namu awa uku ne, kuma na ga mutuminku daga farko yake ɗorawa. Waƙar mata za ta tafi, jawabin manya da kokawa su tafi, watakila har da rabin wasan da ni a ciki. Na yafe wannan duka. Amma wurin randa yana can ƙarshen zare, inda fim ɗinku bai kai ba.

Ba sai ka ɗauki nauyin komai ba. A kai tashar da motocin Zuru ke lodi, a ba kowane direba, a ce na Ayuba mai faci ne. Zai iso.

Sannan ina roƙonka, in za ku sake yin shela, ku ƙara magana ɗaya: kada kowa ya kawo abin da ba shi da na biyunsa, don ba a mayarwa. Akwai yara da yawa a ƙauyuka irina, masu zaton ko'ina kwano yana dawowa.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya sa finafinanka su karɓu, ya raya maka zuriya, ya jiƙan magabatanka. Allah ya sa duk abin da ka ba wani ajiya ya dawo maka lafiya. Dawa ta fara sunkuyar da kai a gonakinmu, nan da wata ɗaya za a rufe rumbu, Mama kuma za ta ɗaura ɗankwalinta. Ba ma neman gyaɗa ko ƙwai a ciki, Alhaji. A dawo mana da kwanon kawai.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ayuba Noma,
Rikoto, Zuru, Jihar Kebbi.