Muryar Baba da Na Goge da Hannuna

Zuwa ga Yaya Mujitaba, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nusaiba da yara. Mu nan Tiga muna lafiya gwargwado. Inna ta fita takaba tun watan jiya, amma har yanzu ba ta komo daidai ba, abinci sai an matsa mata, ga ciwon gwiwar nan da ya dawo. Tumatirin fadama bai yi kyau ba bana, tsutsa ta shige shi, albasa ce kawai ta ɗan rufa asiri. Ruwan dam ya ja baya sosai, masunta suna ta ƙorafi. Gidan dai ya yi mana faɗi tun da Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa.

Yaya, na san ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kullum take damun ka da kira. Sau uku kana tambaya ta a waya ko na tura maka hirarrakin da ka ɗauka da Baba, sau uku ina cewa sabis ne ba kyau. Ƙarya nake yi maka. Bakina ne ya kasa faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka tuna tsohuwar kwamfutar tebur da ka bar mini, wadda nake buga wa ƙungiyar manoman rani takardu da ita. Wajen wata biyu da suka wuce ta fara wani irin nauyi. In na buɗe takarda biyu sai ta tsaya cak, wani saƙo ya fito a ƙasan allo da Turanci yana cewa bacuwal memori ya yi ƙasa. Na kashe na kunna ya fi a ƙirga, na rufe duk abin da ba na amfani da shi, har ƙurar bayanta na share, a banza. Ga shi a satin ne za a manna jadawalin rabon ruwa, wanda ke nuna ranar da kowane manomi zai buɗe wa gonarsa ruwa, kuma in bai fito ba faɗa ake yi a bakin kwatar ban-ruwa. Dattawa suna tsaye a kaina, ni kuma ina zaune gaban allon da ya ƙi motsi.

Sai na kira Abdulmumini, mai gyaran kwamfuta na Ƙafin Maiyaki, ɗan ajinku. Ya yi mini bayani a waya cewa ƙwaƙwalwar aikin injin ƙarama ce, in ta cika sai ya riƙa ɗibar wuri a rumbun ajiyarsa yana sauke kaya a can, kamar yadda Inna ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida in tire ya yi mata kaɗan wajen tsince shinkafa. Wannan wurin shi ne bacuwal memori. Ya sa na duba rumbun, na tarar ya cika har layinsa ya yi ja. Ya ce abu biyu zan yi: in rage kaya, sannan in shiga saiti in faɗaɗa wurin da hannuna. Kuma wallahi ya gargaɗe ni, ya ce kada in goge komai sai na kwafe shi a filash tukuna. Filash ɗina yana wurin sakataren ƙungiya, wanda ya tafi Kiru ranar. Na ga ba zan iya jira ba.

Na jera kayan daga babba zuwa ƙarami, sai ga wasu manyan fayiloli goma sha ɗaya a sama, ba su da suna sai lambobi. Na danna ɗaya don in ji ko mene ne, injin ya daskare. Sai na ce a raina ai finafinan Yaya ne, mutumin da ba ya iya zubar da ko tsohon batir. Duk da haka na tuna da hirar Baba, na leƙa jakar da ka ajiye a fuskar allo mai suna Baba, na ga abubuwa goma sha ɗaya a ciki lafiya lau, hankalina ya kwanta. Ko adadin bai sa na tsaya na yi tunani ba. Na goge masu lambobin, na kwashe kwandon shara, na shiga saiti na rubuta dubu huɗu da casa'in da shida a gidaje biyu da ake sa girman wurin, kamar yadda Abdulmumini ya ce mini, na kashe na kunna. Injin ya tashi garau. Jadawali ya fito a ranar, har shugaban ƙungiya yana sa mini albarka, ni kuma ina jin kaina wata gwana.

Sati uku ina aiki da ita cikin jin daɗi, sai ka kira ka ce in turo maka hirarrakin, domin rikodar makarantar da ka ɗauka da ita ka mayar tuntuni, kuma babu wani kwafi a ko'ina sai nan. Na buɗe jakar Baba na danna na farko, injin ya ce bai ga abin ba. Na biyu ma haka, har na sha ɗaya. Ashe abin da ke cikin jakar alamomi ne kawai masu nuna hanya, ainihin muryar ita ce masu lambobin nan. Na kashe injin.

Washegari na naɗe injin a zani, na rungume shi a kan acaɓa har Ƙafin Maiyaki. Abdulmumini bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Yini biyu yana bincike da manhajar dawo da abin da aka goge. Daga ƙarshe ya ce da a ranar na kawo, da an ceto kusan duka, domin gogewa kaɗai ba ta kashe abu nan take. Amma wurin da na share, nan ne bacuwal memorin da na faɗaɗa ya je ya zauna, kuma sati uku injin yana rubutu a kai yana sake rubutawa duk lokacin da na kunna shi. Wato gyaran da na yi alfahari da shi, shi ne ya bi ta kan muryar Baba. Duk labarin tsohon garinmu da ruwan dam ya cinye, da sunayen gidaje, da inda aka binne kakanninmu, da ranar da aka kwashe mutanen garin a manyan motoci, awa tara da ka zauna da shi kana tambaya, babu.

Guntu ɗaya aka samu, bai kai minti guda ba. A ciki Baba yana gyara murya, yana tambayar ka ko abin ya fara ɗauka, ya yi dariyar nan tasa, ya ce da ni in kore akuya daga kan shanya. Sannan ya yi bisimilla, ya ce gidanmu na can yana gabas da, sai ƙara ta biyo baya, shi ke nan.

Na gaya wa Inna gaskiya ranar Juma'a, na kunna mata guntun. Sau uku ta sa na maimaita. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba. Ka san ita 'yar Badafi ce, ba ta taɓa ganin tsohon garin ba. Ta ce ta ji labarin nan a bakinsa ya fi sau ɗari, amma ba ta taɓa riƙe shi ba, don tana ganin mai labarin yana nan. Na zagaya wurin sa'o'insa biyu da suka rage, ɗaya ba ya ji, ɗaya kuma ya ce unguwarsu daban ce.

Ba na neman ka ce ba komai, Yaya, domin da komai. Ka yafe mini in ka samu iko. Kwamfutar tana nan tana aiki lafiya, saƙon bai sake fitowa ba, ni ce dai ba na son zama a gabanta. Abin da nake roƙo shi ne ka sami littafi ka rubuta duk abin da ka tuna Baba ya faɗa, ko ba a jere ba, tun kafin kai ma ya fara kuɓuce maka.

Ka gaishe mini da Anti Nusaiba, da Bushira, da Mudassir mai ƙiriniya. Kawu Bala da Gwaggo Hajara suna gaishe ku. Inna tana sa muku albarka, kuma ta ce saƙonta ɗaya ne: tunda kai ne ka riƙe rikodar a ranar, ka gaya mata gidan yana gabas da mene ne.

Taka ƙanwa,
Shamsiyya