Akwati na Uku

Litinin, 12 ga Mayu

Ban taɓa gaya wa kowa ba: ina son Mo Jiahe, ɗan ajinmu. To, na rubuta. Ƙarshen wata za su bar Liuzhou.

Yau Malama Qin ta nuna mana hoton akwatunan gawar wata gimbiya ta zamanin dā, ɗaya cikin ɗaya. Na can ƙurya, wanda ba mai gani, shi aka fi yi wa ado. 'Yan aji suna ta hamma, ni kuwa har da ƙwalla.

Laraba, 14 ga Mayu

Na roƙi Kaka ya sassaƙa min ƙananan akwatunan gawa guda uku masu shiga juna, irin na tsarabar sa'a da yake sayarwa. Ya ce, "Jikalle, kowa ɗaya yake saya. Ke arzikin garin za ki kwashe?"

Wasiƙata na cikin na ukun. A littattafan soyayya saurayi yakan buɗe, ya karanta, ya biyo budurwar da gudu cikin ruwan sama.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ba Jiahe. Ya yi dariya ya ce, "Guancai! Kin ba ni gawa ko muƙami da arziki?" Tsohon barkwanci ne: a Sinanci "akwatin gawa" da "muƙami da arziki" kalma ɗaya ce a kunne. Na ce masa ya buɗe a gida. Ina jin bai ma ji ba, a hankali na faɗa.

Talata, 20 ga Mayu

Shiru. Ya gaishe ni kamar kullum.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na tambaye shi ko ya buɗe. Wai biyu sun buɗu, na ukun ya ƙi. Mamarsa ma ta ɗauke, ta ajiye a shagonta na taliya don ya jawo ciniki.

Da na dawo gida na gano ashe aikin Kaka ne. Ya ga murfin na rawa, ya liƙe da gam. "Wa ke barin na ciki a buɗe? Sai sa'ar ta zube!" Ya dube ni ya ce, "Me kika sa a ciki, 'yar nema?" Na ce ba komai.

Ni na binne wasiƙar da hannuna, har hawa uku. Da ma na yi magana ranar Asabar.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban taɓa littafin soyayya ba yau, ban san dalili ba.

Na sake rubuta wasiƙar. Layi biyu ne, ba wata ba taurari. Kaka ya turo min wani ƙaramin akwati, na mayar masa.

Gobe zan miƙa wa Jiahe ita a hannu, ko ninkewa ba zan yi ba. Wataƙila ma in tsaya har ya gama karantawa.