Rijiyar Gonar Baba

Anka, 9 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yayana Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sahura da yara, da fatan kasuwar Gummi tana ci. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in ta yi tafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce mu sayar wa masu haƙar zinariya gonar marigayi Baba ta ƙauye, tunda farashin zinariya ya hau yadda bai taɓa hawa ba. Na sani, ina jin rediyo kamar kowa. An ce in manyan ƙasashe suka tsorata da yaƙi, sai su ruga su sayi zinariya su ɓoye. Yaƙin nasu ne kuma ya sa bara ko buhun taki guda na kasa saye. Can ya ƙara musu arziki, nan ya rage mana hatsi.

Ba ka gida shekarar da ake dakan dutsen zinariya cikin gidaje. Ni na wanke gawar ɗiyata Rashida da hannuna, ba ta cika shekara huɗu ba. Ƙanwarta Zubaida ta tsira, amma yau shekarunta goma sha shida, har yanzu ni ke ɗaura mata zane. Zinariyar da ta fita daga turminmu tana wuyan wata a Dubai. Gubar dalma ce suka bar mana cikin jinin yara.

Ba zan sa hannu ba, Yaya. In ka matsa, a raba gado kowa ya kama nasa.

Ƙanwarka,
Hure

Anka, 2 ga Yuni, 2025

Yaya Dabo,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya jikin Sahura? Allah ya ƙara sauƙi.

Wakilinka ya gaya maka an raba, amma na san bai gaya maka duka ba. Rabonka ya faɗa tudu, inda dutsen zinariyar yake, kuma Tanko, dillalin masu haƙar, ya saye shi a ranar. Ni da Inna muka roƙi kwari. Sai da aka kafa iyaka Tanko ya lura rijiya tana wajenmu, ga shi ba a wanke ƙasar zinariya sai da ruwa.

Ya zo har gida sau uku, wai mu sayar masa da kwarin. Ya yi mini tayin gida a Gusau, ya yi wa Inna tayin kujerar Makka. Ita ta amsa masa daga kan tabarmarta. Ta ce ba za ta je gaban Ka'aba da kuɗin ruwan da zai kashe jikokin mutane ba.

Bayan kwana biyu aka tuge shingen ƙayar da na yi. Na mayar. Aka sake tugewa. Sai na bi matan ƙauye gida-gida, na kuma je ruga wurin masu shayar da shanu a rijiyar. Ban yi dogon bayani ba, da yawansu sun binne nasu 'ya'yan a waccan shekarar. Yanzu daga hantsi har la'asar ba a rasa mata goma a bakin rijiyar, suna sussuka suna hira. Mota ke kawo wa Tanko ruwa daga nesa, yana ta zagina a kasuwa. Ya yi ta yi.

Ban riƙe ka a zuci ba. Na san faɗuwar naira ta cinye maka shago, samarin da ke shiga ramin zinariya ma yunwa ce ta tura su. Amma wanda ya sa farashi daga can bai san sunan ƙauyenmu ba, ni kuwa na san sunan kowane yaro da ke shan ruwan nan.

An yi ruwa ranar Talata, na shuka gero. Ka taho mana da Sallah, Inna tana kewarka. Ruwan da zan ba ka mai tsabta ne.

Taka har kullum,
Hure