Inna, Ranar da Kika Tsaya Gaban Alƙali

Fagge, Kano

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma ba karatun boko kike yi ba, sai dai in zauna a bakin tabarmarki in karanta miki, kina katse ni kina cewa in rage sauri. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ban ga wanda zan amayar wa ba in ba ke ba.

Bari in fara da labarin gida. Damina ta yi albarka bana, har ruwa ya zubar da katangar bayan ɗakinki, mun sake tayar da ita. Matata Hadiza ta sauka lafiya, mace aka samu, aka mayar da sunanki, muna kiranta Ummi. Tana da goshinki. 'Yarki Yagana ta karɓi tandar wainarki, tana zama a ƙofar gida inda kike zama. Masu saye suna cewa ba laifi, amma ni da ita mun san bakin wainar ba ya soyuwa irin naki. Shagon ɗinkina yana tafiya, an kawo sababbin atamfofi a Kantin Kwari, mata sun hana ni sakat. Ƙawarki Mama Ngozi ta tsufa ƙwarai, ciwon ƙafa ya raba ta da kasuwar Sabon Gari, 'yarta ce ke sayar da manjan yanzu. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Inna, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. A wajenmu ɗa ba ya duban uwarsa ido da ido ya yabe ta, kunya ba ta bari. Na girma ina ganinki mai waina, mai faɗa idan an bar tsintsiya a hanya. Ban san ko wace ce nake kwana gida ɗaya da ita ba sai da na zama magidanci, sai da na gan ki tsaye a gaban alƙali. Tun daga ranar nake jin nauyinki, irin nauyin da mutum yake ji idan ya tsaya a gindin babban dutse ya ɗaga kai.

Kin tuna yadda aka tafi da Yaya Bukar? Lokacin yaƙin Bama ne, yaƙin duniya na biyu, aka ce kowace unguwa ta ba da samari. Ba a tambaye shi ba, ba a tambaye ki ba. Aka ce za su je su kare 'yancin mutanen duniya. Bai dawo ba. Babu gawa, babu kabarin da za mu ziyarta, sai abokinsa Kofur Sale da ya zo ya durƙusa a zaure ya ce a wani daji mai ruwa suka rufe shi. Kafin labarin ya zo, kin sha zuwa tashar jirgin ƙasa kina duba fuskokin sojojin da ake saukewa. A nan kika haɗu da Mama Ngozi, ita ma tana neman fuskar ɗanta Emeka. Ku biyu kuka koma gida hannu rabbana, daga nan kuka ƙulla zumuncin da mutuwa ce kaɗai ta raba. Kowace shekara, idan watan rasuwarsa ya zagayo, sai ki yi sadaka. Ki soya waina, a kira malamai su yi addu'a, ita kuma ta zo da kwalbar manja ta zauna cikin mata, ta yi tata addu'ar a ranta.

Sai shekarar da siyasa ta yi zafi, faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare. Da hukuma ta shiga tsakani, ke ce kika fara cewa alhamdu lillahi, gara a raba. Ba ki taɓa ƙin zaman lafiya ba, wannan ni shaida ne. Amma faɗan ya mutu, dokokin da aka kafa dominsa suka ƙi mutuwa. Aka hana fita da zarar rana ta faɗi. Aka hana taro sai da izini. Aka ja waya mai ƙaya tsakanin unguwannin biyu, sojoji suna sintiri da bindigogi a kan hanyar da muke bi mu sayo cefane. Izinin taron kuwa, masu goyon bayan hukuma suna samu har da kiɗa, sauran jama'a sai a ce su dawo gobe. 'Yan doka suka riƙa shiga zauruka suna kwashe samari don an same su suna karanta jarida. Ba a faɗin laifinsu, ba a kai su gaban shari'a, wasu a yi musu bulala a sako su, wasu shiru. Uwar da ta je tambaya amsa ɗaya ake ba ta, a ce sha'anin tsaro ne.

Da watan sadaka ya kama, na je neman izini. Aka hana ni, wai samarin adawa suna zama a shagona. Na dawo na gaya miki, na ce ko mu ɗaga sai abubuwa sun lafa. Kina tankaɗen garin shinkafa, ko ɗagowa ba ki yi ba. Kika ce, "Da za su ɗauke shi, ba su nemi izinina ba. Ni ma ba zan nemi nasu ba kafin in yi masa addu'a."

Da hantsi mutane suka taru, ba su kai na kowace shekara ba, amma sun zo. Mama Ngozi ta zagaye wayar nan ta bi doguwar hanya, ta iso tana haki da kwalbarta a ka. Malamai sun fara karatu ke nan sai ga 'yan doka da kulake. Inna, na ga maza masu gemu suna haura katanga. Ban zarge su ba, sun san abin da ake yi wa mutum a can. Ke kuwa kina zaune kina juya waina. Kika dube su kika ce su zauna su ci, sadaka ce, ba a korar kowa. Da babbansu ya ce ki taso, ba ki yi gardama ba. Kika miƙa wa Yagana tsinken juyin, kika wanke hannu, kika gyara mayafi, kika ce wa malamai su ƙarasa addu'ar. Kuma suka ƙarasa, 'yan doka suna tsaye suna jira, wani a cikinsu har ya shafa.

Ranar shari'a ɗakin ya cika, waɗanda ba su samu shiga ba suna leƙe ta taga. Alƙali ya tambaye ki ko kin san an hana taro. Kika ce kin sani, Allah Ya gafarta malam. Ya ce to me ya sa? Ban manta ko kalma ɗaya daga amsarki ba.

Kika ce, "An gaya mini ɗana ya mutu ne don mutane su samu 'yanci. To ga ni, uwarsa, na zo karɓar rabona. Bindigar da aka koya wa 'ya'yanmu riƙewa, yau ita ce a ƙofar gidajen iyayensu. Ana ce mana tsaro ne. Wa ake tsarewa, kuma daga wa? Mai gadi ba ya ɗaure masu gida. Wanda ya kashe rai, a kama shi, a kawo shaida, a hukunta shi kowa yana gani, ni zan fara yi wa hukuma godiya. Amma wanda tambaya kawai ya yi, amsa ake ba shi, ba bulala ba."

Ba ki ɗaga murya ba. Da muryar da kike cinikin waina kika faɗi wannan magana, amma babu wanda bai ji ki ba a ɗakin. Alƙali ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya ce saboda shekarunki, ki tuba ki yi alƙawarin ba za ki ƙara ba, ki tafi gida. Na ji zuciyata tana roƙonki ki karɓa. Kika ce, "Tuba ga Allah ake yi, kuma a kan laifi. A nuna mini laifin, in tuba yanzu-yanzu. Amma in Allah Ya kai mu baɗi, zan sake yi wa ɗana sadaka, gara in faɗa tun yau kada a ce na yi ƙarya." Aka yanke miki ɗaurin watanni.

Inna, daga ina kika samo waɗannan kalmomi? Ba ki taɓa riƙe jarida ba. Ba ki da katin kowace jam'iyya, har faɗa kike wa samarin shagona cewa surutunsu ya fi aikinsu yawa. Shin a bakin tanda kike tuƙa su duk shekarun nan, kina juya waina kina juya magana? Ko a tashar jirgi kika fara haɗa su, lokacin da taragu suke sauke 'ya'yan wasu? Mu da muke taƙama da karatu mun yi shekaru muna neman yadda za mu faɗi abin da ke damunmu, ke kika faɗe shi a tsaye, sau ɗaya, ba ki yi tuntuɓe ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba ƙarfin halin ba ne, rashin ƙiyayyar ne. Da na kai miki abinci gidan yari ina zagin alƙali, kika hana ni. Kika ce shi ma ɗan wata ne, kuma masu mulki tsoro ne ya kama su, tsoro kuwa mugun mai ba da shawara ne. Kika ce in yi musu addu'ar Allah Ya cire musu shi, don mai tsoro da makami a hannu ya fi mahaukaci haɗari. Na same ki kina yi wa wata fursuna kitso, kamar a tsakar gidanmu kike.

Ba ki ga abin da ya faru a waje ba, kuma da kika fito ba ki bari a ba ki labarin sosai ba. Matan Fagge da aka kwashe wa 'ya'ya suka fara zuwa ƙofar gidan yari kowace safiya. Ba waƙa, ba ihu, zama kawai suke yi da carbi. In an kore su yau, gobe su dawo. Mama Ngozi ta zo da wasu matan Sabon Gari suka zauna tare da su. Wa zai ɗaga kulki a kan tsofaffi masu jan carbi, kasuwa tana kallo? Sannu a hankali aka fara sako samarin. Daga baya aka naɗe wayar. Ba zan ce ke kaɗai kika yi ba, kin tsani a ƙara wa magana gishiri. Amma na san kafin ranar shari'arki babu uwar da ta yi tunanin tana da ikon zama a ƙofar nan.

Kin fito da tarin da bai sake ki ba. Kin cika alƙawarinki, kin yi sadakar shekarar da ta biyo, a zaune, Yagana tana soyawa kina nuna mata. Babu ɗan dokan da ya zo. Kafin wata sadakar ta zagayo Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ko'ina maganar mulkin kai ake yi, an ce Turawa sun kusa tafiya. Amma dokar hana taro tana nan daram, sai dai hannun da ke riƙe da ita yana ƙara zama namu. Kwanan baya aka kama Kofur Sale. Laifinsa, ya tara tsofaffin sojoji a gindin wata bishiya suna tambayar alƙawuran da aka yi musu tun suna bakin daga. An ce wai taron tsofaffin sojoji barazana ce ga tsaro. Mutumin da ya haƙa kabarin Yaya Bukar da hannunsa, Inna, yau yana tsare ba a gaya masa ranar shari'a ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tsaya a bakin titi, a gaban shagona, na yi magana. Na ce a kawo shi gaban shari'a ko a sake shi. Na ce ƙasar da ke shirin mulkin kanta bai kamata ta fara da toshe bakin 'ya'yanta ba. Kalmomina ba su kai naki ba ko kusa, amma mutane sun tsaya sun saurara. Jiya aka kawo mini sammaci. Gobe da safe zan tsaya a ɗakin nan da kika tsaya.

Hadiza ba ta ce kada in je ba, amma tun jiya take goye da Ummi ta ƙi sauke ta. Ni ma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ke ma kin ji shi ranar nan? Da ma na tambaye ki tun kina nan. Na wanke farar rigata na goge, na gaya wa masu ɗinki su yi haƙuri idan kayansu sun yi jinkiri.

Za su tambaye ni wa ya sa ni. Kullum haka suke tambaya, don ba su yarda talaka yana iya tunani da kansa ba. Ba zan ambaci wata jam'iyya ba. Zan ce ni ɗan Falmata mai waina ne, kuma na tabbata a ɗakin nan akwai wanda zai sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sada ki da Yaya Bukar a inda ba a neman izini kafin a taru. Ki huta lafiya.

Ɗanki mai alfahari da ke,
Mustafa tela